Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni maganar melatonin

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaisuwa.

Ranar Lahadi, muna cikin shirin lafiya a wata rediyon nan Tawa, kika bugo waya. Kin ce ɗanki da ke karatu a Faransa ya gaya miki ƙwayar barcin nan, melatonin, tana maganin cutar da ke shiga jini, wadda muke kira seftisemi a asibiti. Cutar ce ta ɗauke jikanki bara yana ɗan kwana tara. Kika ce in faɗa miki tsakani da Allah, ki sa a aiko miki ki ajiye a gida? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na rubuto. Jikan naki kuwa, Allah ya sa mai ceto ne.

Kada ki ajiye ta don wannan, Hajiya. Amma ɗanki bai ƙaga zancen ba.

Melatonin jikinmu ne ke yin ta, daga wani ɗan ƙulli cikin ƙwaƙwalwa, in dare ya yi. Aaron Lerner ya fara tace ta a Amurka a 1958, daga ƙwaƙwalwar shanu. Ita kuwa seftisemi, ƙwayar cuta ce ke shiga, garkuwar jiki ta tashi da faɗa har ta wuce gona da iri, ta ƙone gida wajen korar ɓarawo. Jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, numfashi ya gagara. An ga melatonin tana rage wannan ɓarnar a jikin ɓeraye, shi ne masu bincike suka sa mata ido.

A 2001 wasu likitoci a Mesina ta Italiya suka ba jarirai 10 masu cutar melatonin, wasu 10 ba a ba su ba. Cikin waɗanda ba su sha ba 3 suka rasu, cikin waɗanda suka sha ba ko ɗaya. Ni ma ranar da na fara karanta wannan sai da gabana ya faɗi don murna. To amma jarirai 20 ne kacal, kuma dukansu suna kwance asibiti ana yi musu allurar kashe ƙwayar cuta. Melatonin ƙari ce aka yi a kai.

Mun taɓa cin wannan tuwon da bitamin C. A 2017 aka yi ta yayata cewa an samu maganin seftisemi. Da aka gwada shi a kan mutane sama da 800, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna waɗanda aka ɗura wa sun ma fi shan wahala. Ita ma ƙa'idar da likitocin duniya suka fitar a 2021 ba ta sa melatonin cikin maganin cutar ba, ko da yake ana ci gaba da gwaji.

Abin da ya fi damuna shi ne barcin. Jaririn da cutar ta kama yakan yi laƙwas, ya ƙi nono. In aka ba shi abin sa barci, uwa za ta ce ya samu sauƙi, a kwana gida, alhali ana so allura ta shiga jijiyarsa cikin awa ɗaya in abin ya yi tsanani.

Kin ce surukarki na da ciki wata bakwai. Kuɗin da za a kashe wajen aiko ƙwayar, a ajiye su na mota. In ta haihu, kada a shafa wa cibiya toka ko wani haɗi. Jikin jariri ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi ya yi sauri, cibiya ta yi ja ko mugunya, ku taho asibiti ko tsakar dare ne. Ita ma mai jegon, in ta yi zazzaɓi ko jinin biƙi ya yi wari, kada a jira suna.

Naki,
Ma'aikacin jinya a Tawa