Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwanturola Janar Na Hukumar Kwastam, Bashir Adewale Adeniyi

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri.

Lokacin da aka fara gwada B'Odogwu, sabuwar manhajar Kwastam ta tantance kaya, a tashar jiragen ruwa ta PTML da ke Legas a watan Oktoba na 2024, an ce mana ita za ta gaji tsohuwar manhajar NICIS II, ta rage jinkiri, ta sa mai kaya ya san inda kayansa suka kwana. Mu 'yan kasuwar Arewa mun yi murna, don mu ne nisa ya fi cuta. Amma akwai wani wuri da har yau ba a gyara ba, shi ne lambar waya da adireshin imel na mai kaya da ke cikin rajistarsa.

Ka san yadda abin yake. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa zai buɗe Form M, wato takardar neman shigo da kaya, ta banki, ya jira PAAR, wato rahoton Kwastam na ƙiyasta kaya kafin su iso, sannan ya damƙa komai a hannun ejan da ke Apapa. Lambar harajinsa ta TIN kuwa, sau da yawa wani yaro ne a shagon kwamfuta ya yi masa rajistarta shekarun baya, ya sa imel ɗin da ya ga dama. Yaron ya bar gari, shagon ya rufe, layin wayar da aka rubuta ya ɓace. Idan aka yi tambaya a kan ƙimar kaya, ko aka ware kwantena don bincike, mai dukiya ne na ƙarshen ji, kuma daga bakin ejan zai ji, in ejan ya ga damar faɗa. A nan kuɗin kwanan kaya ke taruwa wajen kamfanin jirgi da masu tasha, mutum yana zaune a Kano yana ta kiran wayar da ba a ɗauka. Wani ejan na gaskiya ne. Wani kuwa da wannan duhun yake ci, ya ƙirƙiro kuɗin da babu shi a kan kowace takarda.

Don Allah, ranka ya daɗe, a ba mai kaya iko a kan bayanansa. Ya iya sauya lambarsa da imel ɗinsa da kansa, a tantance shi da NIN ko takardar rajistar kamfani, ba sai ya tafi Legas ko Abuja ba. In ya rabu da ejan, ya iya cire sunansa nan take. Abin da ya fi komai, duk sanarwar da ta shafi kaya ta tafi wajen mutum biyu, ejan da mai kaya, ta saƙon tes, domin yawancinmu ba ma buɗe imel kullum. Bankuna suna turo mana saƙo a kan naira ɗari biyar. Me zai hana a yi hakan a kan kwantenar miliyoyi?

Akwai batun katsewar sadarwa, da na horas da ejan-ejan, amma waɗannan, ƙungiyoyin ejan-ejan irin su ANLCA suna ta maganarsu. Namu ne babu mai ɗaga shi.

An buɗe tashar tsandauri ta Dala, wato tashar sauke kwantenoni a Kano, a Janairun 2023 domin kaya su iso mana gida. Muna roƙon ofishin Kwastam na Kano da Jigawa ya ware teburi guda na gyaran bayanan masu shigo da kaya, a kuma sanar da ranar fara aikinsa a gidajen rediyo da Hausa.

Naka,
Wani mai shigo da kaya daga Kano