Ni injiniya ne amma hankalina ya koma ga aikin lauya, Malam a ba ni shawara

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya zafin garin namu, Allah ya saka da alheri kan wanga shiri naku, ko ina wajen aiki ba ni bari ya wuce ni. Dan Allah a sakaya sunana.

Ni injiniyan gine-gine ne, shekarata 34, ina zaune Mabera da matata da yara biyu, ina da rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi. Abin da ya jawo duk wanga tunani wata shari'a ce. Bara waccan kamfanin da nike ma aiki muka yi ma wani Alhaji ginin shaguna, zane ya ce rodi mai kaurin milimita 12, da muka haƙa sai na ga ƙasar wurin ta cika laushi na ce a koma mai 16 a ƙara zurfin fandisho, Alhaji ya ce to a yi, da baki kawai babu ko ƴar takarda, ka san mu da kunyar manya. Ana gamawa ya ce shi bai san zancen ba, ya hana kuɗin ƙarin har da kashi 5 cikin ɗari ɗin da ake riƙewa sai an ga lafiyar gini, muka tafi kotu. Wallahi Malam lauyanmu mutumin kirki ne amma kwana uku na yi ofishinshi ina mishi zane a bayan ambulan don ya gane mi ya raba rodin biyu, ranar da na tsaya shaida kuma lauyan Alhaji ya yi ta juya ni kamar waina a tanda, ni na san kankare shi ya san doka, kowa da yarenshi, alƙali na ta rubutu. Tun daga matakalar kotun na fara cewa ina ma mutum guda ya riƙe duka biyun.

Na bi diddigi. Ko da digirina na shiga aji biyu a jami'ar Danfodiyo sai na yi shekara 4, sannan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, Bwari ko Bagauda ko inda aka tura mutum, kuma ba su karɓar wanda ya yi karatun lauya na bayan tashi aiki, ke nan sai na aje aikina. Ina fitowa na kusa 40. Abin da ya ƙara kashe min jiki, ƙa'idar aikinsu ta hana lauya haɗa aikin da wata sana'a sai da izinin majalisarsu, to ashe ko na gama ɗaya zan riƙe a hannu ɗaya a ka.

Wani abokina ya ce in bar wahala in yi kwas ɗin sasanta rikicin kwangila ba tare da zuwa kotu ba, dokar sasanci ta 2023 ba ta ce dole sai lauya ba, injiniya ma na zama mai yanke hukunci. Hankali ya yarda, zuciya ta ƙi, ni so nike in tsaya gaban alƙali da kaina.

A gida kuma Inna ta ce ita ba ta haifi mai kare marar gaskiya ba, na yi bayani har na gaji. Matata ta ce in je keken ɗinkinta zai riƙe mu, amma ranar na ga ta yi shiru tana kallon takardar kuɗin makarantar yara.

Malam in aje aikin in koma aji, ko in bi maganar abokina? Kuma ta wace hanya zan ɓullo ma Inna ba tare da na saɓa mata ba?

Naka mai sauraro daga Sakkwato.