Kifi Na Shaƙewa a Tasmaniya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina kiwon karfasa a kududdufi biyu, kuma na san tashin hankalin fitowa da asuba ka tarar da kifi sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, ruwan ya yi kore yana wari. Shi ya sa labarin mashigin Macquarie da ke yammacin tsibirin Tasmaniya a Ostireliya ya tsaya mini a rai.

Bakin mashigin ƙunci gare shi. Ruwan kogin Gordon yana kwance a sama, ruwan gishiri mai nauyi a ƙasa, ba sa gaurayuwa sosai. A nan aka jera kejin kifin salmon. Kashinsu da ragowar abinci suna nitsewa su ruɓe, ƙwayoyin da ke ruɓar da su kuma su shanye iskar oksijin ɗin can ƙasa. Tsakanin 2017 da 2018 kifayen kiwo sama da miliyan ɗaya suka mutu a wurin.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Maugean skate, wani kifi mai faɗi kamar faifai, wanda yanzu ba a samunsa ko'ina a duniya sai nan. Bincike ya nuna yawansa ya ragu da kashi 47 cikin 100 daga 2014 zuwa 2021. Ana tura oksijin cikin ruwan da inji, amma a ganina rage yawan kifin keji ne magani. Duk da haka, a 2025 majalisar ƙasar ta gyara doka domin kiwon ya ci gaba.

Don Allah jaridarku ta riƙa bibiyar wannan batu.

Naka,
Mai kiwon kifi daga Kano