Wasiƙa daga Bronx: A yi mana shiri kan inshorar lafiya kafin watan Yulin 2026

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni direban tasi ne a gundumar Bronx ta birnin New York, na kuwa kwana biyu a nan, kuma shirinku ne ke taya ni hira a mota tun kafin gari ya waye. Na ji shirin da kuka yi kan mazauna ƙetare, inda aka yi ta maganar kuɗin da muke aikawa gida. An faɗi gaskiya. Sai dai ba wanda ya taɓo abin da ya fi saurin talauta mutum a ƙasar nan, wato ciwo ya same shi ba shi da inshora.

Wata Juma'a kwanan baya, bayan an sallame, aka shimfiɗa darduma a ƙofar masallacinmu ana tara kuɗin kai gawar wani ɗan'uwanmu gida. Mutanen Kumasi da na Damagaram da na Kano, kowa ya sa hannu a aljihu, kafin Lahadi kuɗin sun cika. Allah ya saka wa kowa. Amma ni da na san mamacin, abin ya tsaya mini a rai. Ya daɗe da hawan jini, kuma maganinsa sai wanda matafiya suka riƙo masa daga gida a jaka, wata rana ya sha, wata rana babu. Bai taɓa zama gaban likita a nan ba, don yana tsoron takardar kuɗin da za ta biyo baya. Kwana dai ya ƙare, ba mai ja da wannan. Amma da irin abin da yake samu a shekara, da wuya in ba kyauta za a duba shi ba, da ya samu wanda ya zaunar da shi ya cika masa takarda. Mun iya haɗa kuɗin kai gawa cikin kwana uku, amma ba mu iya ware sa'a ɗaya mu raka mai rai ofishin rajista ba.

Ga wanda bai san wurin ba, Bronx ita kaɗai ce cikin yankunan birnin biyar da yawancinta ke manne da babban tudun Amurka, ruwa ya kewaye ta ta ɓangare uku, kuma mazaunanta sun kai kimanin miliyan 1.4. Da zafi ya yi za ka ga iyalai sun cika bakin ruwan Orchard Beach. Amma a lissafin lafiyar jama'a da ake fitarwa duk shekara, ta shafe shekaru tana zuwa ta ƙarshe cikin gundumomi 62 na jihar. Manyan motocin da ke bin titin Cross Bronx da masu shiga kasuwar Hunts Point dare da rana sun sa asma ta zama ruwan dare tsakanin yaranmu. Ga ciwon sukari, ga hawan jini, musamman mu da muke wuni a zaune bisa sitiyari.

Ni ma sai da na ɗanɗana kafin na yi hankali. Wani dare ciwon ciki ya murɗe ni har na kasa taka birki, wani abokin aikina ya kai ni sashen gaggawa na wani asibiti. Tsakuwar ƙoda ce. Ba su tambaye ni ko sisi ba kafin su duba ni, domin tun 1986 akwai dokar tarayya da ta hana a kori mai neman taimakon gaggawa saboda ba shi da kuɗi. Na fito ina ta yabon Amurka. Bayan mako uku takardar neman kuɗi ta fara zuwa a ambulan: ta asibiti daban, ta likita daban, ta mai ɗaukar hoto daban. Da na haɗa su a kan teburin cin abinci, uwargida tana tsaye a kaina da ludayi a hannu, sai muka ga sun fi kuɗin hayarmu na wata uku. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ai sai ka sake komawa asibitin." Dokar ta ce a duba ka ne kawai, ba ta ce an yafe maka ba. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ghana ta faɗa mini cewa dokar jihar ta wajabta wa asibitoci su rage wa masu ƙaramin ƙarfi, in dai mutum ya nemi takardar tallafin ya cika. Na cika, aka rage mini da yawa. Da ban tambaya ba, da har yau ina biya.

To ga ƙofofin da ke akwai, yadda na fahimce su da alƙaluman 2025. Komai a nan da ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya ake auna shi, wanda ya kama dala 15,650 a shekara ga mutum ɗaya, dala 32,150 ga gida mai mutum huɗu. Wanda samunsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na wannan ma'auni ba, wato dala 21,597 ga gwauro ko dala 44,367 ga gida mai mutum huɗu, Medicaid ce tasa, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba ya biyan kuɗin wata. Wanda ya ɗan haura haka, kuma shekarunsa tsakanin 19 da 64, sai Essential Plan, wadda jihar New York ta fara a 2016. Ita nake kai yanzu. Ba na biyan komai a wata, babu wani kuɗin da sai na fara kashewa kafin inshorar ta soma aiki, kuma har haƙori da ido ta haɗa. Tabarau ɗin da nake rubuta wasiƙar nan da shi ma a kanta na samu.

Yara kuwa, duk ɗan da bai kai shekara 19 ba yana da Child Health Plus, ko da takardar zama ko babu. Masu ƙaramin samu ba sa biya, masu ɗan ƙarfi kuma suna biyan daga dala 15 zuwa 60 a wata kan kowane yaro. Mai ciki ma ana sa ta a Medicaid ba tare da duba takardunta ba, kuma tun Janairun 2024 an buɗe wa tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama marasa takarda. Saura babba marar takarda wanda ba tsoho ba: shi akwai Medicaid ta gaggawa, sannan akwai NYC Care, wadda aka fara a nan Bronx a watan Agustan 2019. Wannan ba inshora ba ce, kati ne da ke ba ka likitanka na kanka a asibitocin gwamnatin birni, irin su Lincoln da Jacobi, ka biya daidai ƙarfinka. Da mamacin da na ambata ya san da ita, da ko ba komai an riƙa auna masa jini.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda samunsa ya haura layin Essential Plan. Shi sai ya shiga kasuwar NY State of Health ya sayi inshorar kamfani, kuma a nan ne mutanenmu ke ruɗewa. An kasa su huɗu: tagulla, azurfa, zinariya da filatinam. A lissafi na gaba ɗaya, ta tagulla tana ɗaukar kusan kashi 60 na kuɗin jinya, azurfa 70, zinariya 80, filatinam 90. Mutum sai ya ga ta tagulla ce mai arha a wata ya rungume ta, bai san akwai didaktabul ba, wato dubban dalolin da sai ya fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu sosai. Iyakar abin da doka ta yarda ya fita daga aljihun mutum ɗaya a 2025 dala 9,200 ce, ban da kuɗin wata-wata. Ga direban tasi, wannan guzurin wata nawa ne? Arha dai ba ta ado. Abu ɗaya da zan yaba wa jihar nan shi ne ba a ƙara wa mutum farashi don ya tsufa, ɗan shekara 25 da ɗan 60 kuɗinsu ɗaya, ba kamar yawancin jihohi ba. Kuma kafin mutum ya zaɓa, ya tambaya ko likitansa yana karɓar wannan kamfanin, don in ba ya cikin jerinsu, kai za ka biya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne ƙasa na motsi a ƙarƙashinmu, mu kuwa muna ta hirar ƙwallo. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga layin Essential Plan zuwa kashi 250 cikin ɗari, wato dala 39,125 ga mutum ɗaya a lissafin 2025. Bayan dokar kasafi da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025, wadda ta zabtare kuɗin da tarayya ke bai wa shirin, gwamnatin jihar New York ta Kathy Hochul ta sanar cewa za a mayar da layin kashi 200 daga watan Yulin 2026, wato dala 31,300 a lissafin 2025. An ce kimanin mutum 450,000 abin zai shafa a faɗin jihar. Duba tsakanin 31,300 da 39,125, Malam Edita. Nan ne direbobinmu suke, da matanmu masu aikin kula da tsofaffi a gidaje, da masu gadi. Ga kuma ƙarin tallafin rage kuɗin wata na inshorar kamfani da aka kawo a 2021, wanda aka sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adinsa. Dokar ta kuma tanadi cewa daga 2027 manya da yawa da ke kan Medicaid sai sun nuna suna aiki ko karatu na sa'a 80 a wata, kuma a riƙa sabunta musu rajista duk wata shida. Mu da ambulan ke kwana goma a kan firij ba a buɗe ba, ina za mu da wannan?

Mu direbobi muna da wata matsala ta daban. Ba mu da albashi tsayayye, wani wata kasuwa ta yi kyau, wani wata mota na gareji. Abin da ake lissafawa shi ne ribar da ta rage bayan an cire kuɗin mai da gyara da sauransu, kamar yadda yake a takardar haraji. Da yawa suna faɗin jimillar abin da ya shigo, sai a ce sun wuce layi alhali ba su wuce ba. Wasu kuma su rage da gangan, wannan kuwa ban goyi bayansa ba, don ranar da aka gano, mutum zai gane kurensa.

Akwai abubuwa biyu da ke hana mutanenmu zuwa, kuma ba zan yi kamar ban san su ba. Na farko tsoro. A 2025 labari ya fito cewa an miƙa wa hukumar shige da fice bayanan masu Medicaid, har jihohi da dama, ciki da New York, suka kai ƙara kotu. Don haka wanda ba shi da takarda in ya yi ɗari-ɗari, ba wauta ya yi ba. Amma amsar ba ita ce ya zauna da ciwo a ɗaki yana bin jita-jitar WhatsApp ba, ya ga lauyan shige da fice, akwai masu yi kyauta, ya ji matsayinsa shi kansa. Abin takaici ma, har masu girin kad da waɗanda suka zama 'yan ƙasa na ga suna gudun rajistar 'ya'yansu da aka haifa a nan.

Na biyu, masu cewa inshora caca ce, bai halatta ba. Ni ba malami ba ne, kuma na san malamai sun yi magana mai tsawo kan inshorar kamfani. Amma Medicaid da Child Health Plus daga harajin da ake cire mana ake biyansu, har da nawa da na mai faɗin haka. A ganina sun fi kama da baitulmali. Wannan magana ce da ya kamata a ji ta daga bakin limamanmu a kan mumbari, ba daga direban tasi ba.

Dattawanmu ma kada a manta da su. Medicare, inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi, tana farawa ne a shekara 65, amma sai wanda shi ko abokin aurensa ya yi aikin da aka cire masa haraji na kimanin shekara goma ke samun ɓangaren kwanciya asibiti kyauta, sannan ɓangaren ganin likita dala 185 ne a wata a 2025. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin hannu da hannu ba a rubuce ba, ya bincika tun yanzu, kada ranar ta zo ya tarar ba shi da komai a littafi.

Roƙona gare ku shi ne ku ware mana shiri guda, ko na rabin sa'a ne. Akwai ma'aikatan da jihar ta amince wa su taimaka wajen rajista, ba sa karɓar ko kwabo, kuma mutum na da haƙƙin a nemo masa tafinta. Ku gayyato ɗaya daga cikinsu, ku haɗa shi da lauya da malami, ku buɗe waya mu kira mu yi tambaya da harshenmu. Rajistar inshorar kamfani tana da ƙayyadadden lokaci a shekara, amma Medicaid da Essential Plan da ta yara a buɗe suke duk shekara. In za ku yi, don Allah ku sa shi da daddare agogon New York ko ranar Lahadi, lokacin da yawancinmu muka ajiye mota. Ni na yi alkawarin kai sanarwar masallatai uku da kaina.

Wassalam, naka,
Mai sauraronku, direban tasi daga Bronx