Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Ɗaliban Kiwon Lafiyar Al'umma

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Ga bayanin kwamitin gudanarwa kan abin da aka yi a shekarar karatun da ta ƙare.

Tun a zamanmu na farko muka yanke shawarar tattara ƙarfinmu kan darussan nazarin zamantakewa da halayyar ɗan Adam da sashe ya wajabta mana. Kowa ya san dalili. Da yawanmu na ɗaukar su kwasa-kwasan cike gurbi. Ɗalibi zai kwana a kan lissafin ƙididdiga da nazarin yaɗuwar cututtuka, amma darasin zamantakewa sai ana jibi jarrabawa zai ari littafin abokinsa, ya haddace, ya juye, ya manta. Mu kuwa a ganinmu, wanda zai yi aikin lafiya a Arewa bai da darasin da ya fi wannan amfani gare shi.

A zangon farko mun shirya zaman bita na mako-mako, inda 'yan aji uku da huɗu ke jan ƙannensu. Sharaɗi ɗaya muka gindaya: duk ka'idar da aka kawo daga littafi, a haɗa ta da abin da ya taɓa faruwa a ƙasar nan. Da aka zo kan ka'idar da masana a Amurka suka fitar a shekarun 1950 don gano abin da ke hana mutane zuwa gwajin tarin fuka alhali kyauta ne, sai aka ɗora ta a kan tarihin shan inna. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin bayan jita-jitar cewa yana hana haihuwa, ba a ci gaba ba sai Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Maganin yana nan, ma'aikata suna nan, yarda ce babu. Zaman ya yi zafi da aka tuno gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, gwajin da wasu yara suka mutu a cikinsa, domin ya nuna cewa tsoron iyaye yana da tushe, kiran su jahilai kuma ba ya warkar da komai. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, har da kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009, kafin a kai ga sanarwar Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Mun kuma yi zama kan gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Can a tsakar gida ake daka duwatsun zinare masu ɗauke da dalma, kuma da wannan sana'ar iyali ke ci. Wanda ya je da wa'azin “ku daina” kaɗai bai san talauci ba.

Babban aikin shekarar shi ne fita unguwanni a zango na biyu, da izinin sashe da na masu unguwa. Maza suka tsaya a zaure da masu gida, mata suka shiga ciki. Tambayoyin a kan zuwa awo ne da haihuwa a asibiti. Idan ka ce wa mace “kina ganin awo na da amfani?” za ta ce ƙwarai kuwa, ta rabu da kai lafiya. Da 'yan uwanmu mata suka zauna a tabarma, suka ajiye takarda, suka tambayi yadda haihuwar ƙarshe ta kasance, sai magana ta fito: naƙuda ta tashi da dare, maigida ya yi tafiya, uwar miji ta ce a jira ungozoma, kuɗin mota sai an ranto. Jinkiri ukun nan da muka karanta a aikin Thaddeus da Maine na 1994, wato jinkirin yanke shawara, da na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa, ga biyun farko nan daga bakin masu abin. Muna godiya ga matan da suka buɗe mana ɗakunansu, da malamarmu da ta raka mu ba tare da ta karɓi ko sisi ba.

A ɓangaren manhaja, sabon tsarin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. A kan haka muka rubuta wa shugaban sashe buƙatu biyu: a sa fita unguwa cikin makin darasin zamantakewa, kuma a riƙa koyar da dabarun hira da jama'a tun daga aji biyu. An karɓi takardar, an ce za a kai ta gaban kwamitin manhaja. Muna jiran amsa.

Kuɗin da aka tara sun tafi ne a hayar mota da buga takardu. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro, rasitai kuma suna hannunsa ga mai son dubawa. Masu bashin kuɗin shekara, don Allah a biya kafin ranar.

Abu biyu za mu miƙa wa sabon kwamiti: bibiyar takardar manhaja, da komawa unguwannin da muka shiga don a faɗa wa mutanen abin da aka gano, kamar yadda muka yi wa masu unguwa alkawari. Za a liƙa ranar taro da zaɓe a allon sanarwa na sashe.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa