Kun yi tarihin Jack Johnson kun manta da Sam Langford

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu sauraro.

Na rubuto ne kan shirinku na wasanni na makon jiya inda kuka ɗauko tarihin Jack Johnson, baƙin mutum na farko da ya riƙe kambun duniya na damben boksin ajin masu nauyi. Shirin ya yi daɗi ba ƙarya, sai dai muhawarar da aka yi bayan an buɗe layi ita ce ta hana ni sakat. Wani bawan Allah ya bugo yana cewa Johnson shi ne uban gwagwarmayar baƙar fata har yana jera shi sahu ɗaya da su Mandela, wani kuma ya bugo ya ce ai ɗan sharholiya ne kawai mai bin mata wanda ya jawo wa baƙaƙe bala'i, shi kuma mai gabatarwa ya ce kowa da ra'ayinsa aka sa kiɗa aka rufe shiri. Haba malam. An daɗe ana maganar mutumin nan amma ko sau ɗaya ban ji an kira sunan Sam Langford ba, kuma ni a wajena duk wanda zai yi wa Johnson hisabi bai ambaci Langford ba to bai ma fara ba tukuna.

Kar a ce ina ƙin mutumin ne. Wajen iya dambe dai babu gardama. An haife shi a Galveston ta jihar Texas a 1878, iyayensa bayi ne da aka 'yanta, kuma lokacin da ya taso zakarun Turawa irin su John L. Sullivan da James Jeffries sun faɗa baro-baro cewa ba za su yi damben kambu da baƙi ba. Shi ya sa sai da ya yi ta bin Tommy Burns, Baturen da ke riƙe da kambun a lokacin, ƙasa-ƙasa, daga Amurka zuwa Ingila har Ostireliya, kafin Burns ya yarda, shi ma don an ba shi dala dubu 30 ne, Johnson kuwa dubu 5 aka ba shi. Ranar 26 ga Disamba 1908 a Sydney, duk wanda ya taɓa kallon tsohon majigin damben nan a intanet ya ga abin da nake faɗa, Burns gajere ne ga rashin nauyi, Johnson yana riƙe shi yana cafe naushinsa da tafin hannu yana masa hira yana murmushi haƙoran gwal na ƙyalli, in ya ga zai faɗi ma sai ya tallabe shi don a ci gaba. 'Yan sanda ne suka shigo suka tsai da wasan a turmi na 14, kuma aka kashe kyamara don kar duniya ta ga ƙarshen abin.

Damben da ya yi da Jeffries a garin Reno kuwa kun faɗe shi daidai. 4 ga Yuli 1910, an je an lallaɓo Jeffries daga gonarsa bayan shekara shida bai yi dambe ba wai ya zo ya fanshi darajar farar fata, ya sha kashi har turmi na 15 inda aka kai shi ƙasa karon farko a rayuwarsa, mutanensa suka shiga tsakani. Daren ranar tarzoma ta ɓarke a garuruwa da yawa na Amurka, an kashe mutane aƙalla 20 kuma yawancinsu baƙaƙe ne waɗanda laifinsu kawai sun yi murna. A 1912 majalisar dokokin ƙasar har doka ta yi ta hana ɗaukar majigin dambe daga wata jiha zuwa wata. Duk saboda mutum ɗaya.

To nan ne nake so ku tsaya. Kafin Johnson ya ci kambun duniya akwai wani kambu daban da aka ware wa baƙaƙe su kaɗai, shi ya riƙe shi tun 1903, kuma a wannan rukunin akwai maza uku da kowa ya san su ne haɗari a duniya a lokacin: Sam Langford da Joe Jeannette da Sam McVea. Ya dambata da dukkansu kafin ya zama zakara, ya san hannunsu sarai. Da kambu ya shigo hannunsa, shekara shida da 'yan watanni yana riƙe da shi, ko ɗaya daga cikinsu bai ba dama ba. Ko ɗaya fa. Ƙofar da ya yi shekaru yana bugawa yana kukan an rufe masa, da ya shiga sai ya juyo ya sa mata sakata da hannunsa. Jeannette da bakinsa ya yi ƙorafin cewa Jack ya manta da tsofaffin abokansa ya ja wa 'yan uwansa layin wariyar da aka ja masa.

Shi Langford ɗin ɗan Nova Scotia ne a Kanada, gajere ƙwarai ga faɗin ƙirji ga dogayen hannaye, ya faro tun daga ajin marasa nauyi yana hawa yana kayar da waɗanda suka fi shi girma nesa ba kusa ba. Sau ɗaya tak suka haɗu da Johnson, a 1906, lokacin Langford yaro ne kuma Johnson ya fi shi nauyi da wajen laba 30, Johnson ya ci shi da maki bayan turmi 15, an kai Langford ƙasa amma ya tashi ya ƙarasa wasan a tsaye. Bayan nan Langford ya ƙara jiki ya ƙara gogewa, ya yi ta neman a sake, shiru. Wani kulob na Landan da ya taimaka wa Johnson da kuɗin tafiya Ostireliya ya yi yarjejeniya da shi cewa in ya dawo zai kara da Langford a 1909, da ya ci kambun sai ya yi fatali da maganar. A gidan dambenmu na gargajiya in gwani ya riƙa zaɓen wanda zai sa zare da shi, duk sanda wani takamaiman mutum ya fito fili sai ya ce hannunsa na ciwo, ai 'yan kallo ba sa buƙatar a yi musu bayani kuma makaɗi ma zai rage masa kirari.

Masu kare shi za su ce ai kuɗi ne, Turawa ba za su biya su kalli baƙaƙe biyu na dukan juna ba, shi kuma ya ce sai an ba shi dubu 30 kamar yadda aka ba Burns. Eh akwai ƙamshin gaskiya. Amma da kuɗi ya yanke masa a Paris a Disamban 1913 ai ya yarda ya kare kambun da baƙi, sai dai wa ya ɗauko? Wani Battling Jim Johnson, wanda bai kai ko kusa da waɗancan ukun ba, aka yi turmi 10 na jan ƙafa 'yan kallo na ihu aka tashi canjaras. Kenan ba launin ne matsalar ba, Langford ne matsalar. Kuma maganar wai ba a kallo, a wannan birnin na Paris ɗin dai Jeannette da McVea suka yi turmi 49 a 1909 suna kai juna ƙasa suna tashi, damben da har gobe ake ba da labarinsa.

Da aka toshe musu hanya sai suka koma dukan junansu don su ci abinci. Langford ya kara da Jeannette fiye da sau 10, da McVea fiye da sau 10, da Harry Wills, shi ma wani baƙin ɗan dambe, ma haka. Ido ɗaya ya fara mutuwa, ɗayan ya bi baya, bai daina shiga fage ba yana laluben abokin karawa da hannu saboda babu wata sana'ar. Jack Dempsey da ya zama zakara daga baya ya amsa da kansa cewa Langford ne mutumin da ya ji tsoron haɗuwa da shi. A 1944 wani ɗan jarida ya je ya nemo Langford a wani ɗan ɗaki a Harlem, unguwar baƙaƙe a New York, makaho, ba ko sisi, sai da aka yi masa gidauniya. Ya rasu a 1956 bai taɓa riƙe kambun duniya ba. Wannan shi ne mutumin da aka yi shiri guda ba a kira sunansa ba.

Shi kuma mai bugowa na biyu da ya ce Johnson ne ya jawo aka yi shekara 22 babu baƙin zakara a ajin masu nauyi, daga 1915 da kambun ya suɓuce masa har Joe Louis ya ci a 1937, ina ganin ya ɗora laifi inda ba nan yake ba. Waɗanda suka hana Harry Wills haɗuwa da Dempsey ba Johnson ba ne. Gaskiya ne yana da girman kai, ga motocin tsere ga kwat masu tsada ga gidan rawa da ya buɗe a Chicago, har Booker T. Washington, babban jagoran baƙaƙe na lokacin, ya fito ya soke shi, amma Turawan zakaru nawa ne suka yi shaye-shaye da almubazzaranci ba a hana sauran Turawa dambe ba? Shari'ar da aka yi masa kuwa zalunci ce tsagwaronta. Dokar 1910 da aka yi don hana safarar mata zuwa karuwanci ita aka juya aka kama shi da ita a 1912, Baturiyar yarinyar da aka ce ya sace, Lucille Cameron, ta ƙi ba da shaida a kansa ta ma aure shi, sai aka je aka nemo tsohuwar budurwarsa Belle Schreiber, masu taya alƙali yanke hukunci duk Turawa, aka ba shi shekara ɗaya da kwana ɗaya a 1913. Ya sulale ta Kanada ya yi shekara bakwai yana yawo tsakanin Turai da Kudancin Amurka da Meziko kafin ya miƙa kansa a 1920 ya yi zaman gidan yarin Leavenworth. Afuwar da Trump ya yi masa a Mayun 2018 ta dace, ta ma yi latti, mutumin ya mutu tun 1946 a haɗarin mota a North Carolina bayan an ƙi sayar masa da abinci a wani gidan cin abinci.

Amma afuwar kan waccan shari'ar ce kawai. Ba ta shafi Etta Duryea ba, matarsa Baturiya da ya taɓa yi wa dukan da ya kai ta asibiti, wadda ta harbe kanta a ɗakinsu na saman gidan rawar a Satumban 1912, shi kuma bai cika wata uku ba ya sake aure. Na lura mai gabatarwa ya ce "ya auri Turawa uku" ya wuce kamar wata bajinta ce ake lissafawa. Matar nan danginta sun guje ta, baƙaƙen unguwa ba su karɓe ta ba, mijin kuma ga halinsa.

Ko da Joe Louis ya taso ma Johnson bai yi masa kara ba. Ya nemi a ba shi horar da yaron aka ƙi, don masu kula da Louis sun kafa masa sharuɗɗa ne musamman don kar a ga kamar Johnson ne ya dawo, kar ya yi dariya in ya kayar da mutum, kar a ɗauke shi hoto da Baturiya. Daga nan Johnson ya shiga kushe shi a jaridu, ya ce yana sakin hannun hagu bayan ya kai naushi kuma Bajamushen ɗan dambe Max Schmeling zai kama shi ta nan. Haka kuwa aka yi a 1936, idonsa na dambe bai taɓa yi masa ƙarya ba, amma yawon alfahari da ya yi a Harlem daren da baƙaƙe ke kuka shi ne ya sa mutane suka taso masa.

Ni abin da na fahimta, Jack Johnson wa Jack Johnson ya yi wa yaƙi. Ƙin sunkuyar da kai da ya yi a zamanin da ake rataye baƙi a bishiya kan abin da bai kai ya kawo ba, wannan jarumta ce ta gaske kuma Muhammad Ali bai yi kuskure ba da ya riƙa ganin kansa a cikinsa. Amma a ce ya yi wa baƙaƙe gwagwarmaya, to waɗanne baƙaƙen? Ukun da yake da ikon buɗe musu ƙofa da sa hannu ɗaya bai buɗe ba.

Don Allah Malam Edita ku ware mako guda ku yi mana tarihin Langford da Jeannette da McVea da Wills, akwai tsohon majigin Langford a intanet in kuna son ganin yadda yake shiga jikin dogon mutum. Kuma in za ku karanta wasiƙar nan a iska na san za ku rage ta don lokaci, ku yanke na Reno tunda kun riga kun faɗa, amma kar ku taɓa min wajen Langford da wajen Etta.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku a kullum, daga Gusau.