Amsa ga malamin da ya tambayi inda na koyi Latin

Malam, barka da war haka. Na samu labarin tambayar da ka jefo a gaban jama'a ranar taron marubuta: wai a wace makaranta na karanci Latin, har da zan ce kalmar Faransanci mesquin, wato marowaci, da "miskini" namu uwarsu ɗaya? Ka ƙara da cewa ƙagawa na yi don in burge Hausawa. Zancen makaranta na bar maka, kai mai takardu reras a bango. Ƙagen ne ba zan haɗiye ba.

Asalin kalmar Larabci ne. Musulmi sun shiga Andalus, a yankin Sifaniya, a 711, mulkinsu bai ƙare a Granada ba sai 1492, kuma a wannan dogon zama Sifaniyanci ya ɗauki mezquino. Italiyanci na da meschino, Fotugis na da mesquinho. Da fari duk talaka abin tausayi suke nufi, yadda mu ma muka are ta. Daga baya aka juya ta kan mai hali da ke zaman matsiyaci, rumbu cike amma yana cin tuwo gaya. Kalmar Latin miser ma haka ta yi. Wahalalle take nufi, amma yau a Sifaniya in an ce mutum miserable ne, sau da yawa maƙonsa ake zagi.

Ka kuma ce na cakuɗa rowa da haɗama. Romawa ne suka cakuɗa. Kalmarsu ta Latin avarus daga avere ta fito, wato tsananin kwaɗayi, kuma ta hau kan mai tarawa da mai hanawa duka. Dubi Harpagon, tauraron wasan kwaikwayon da marubucin Faransa Molière ya yi a 1668: yana ba da bashi da ruwa mai tsada, har ɗan cikinsa ya kusa faɗawa hannunsa, ga shi kuma dawakinsa sun rame don yunwa. Wanne za ka kira shi?

Abin da ke ci mini rai shi ne, da wani Bature ne ya faɗi wannan a lacca, da ka tafa har ka nemi hoto da shi. Namu ne ya faɗa, sai a fara tambayar takardarsa. Ko kuwa kujerar shugabancin ƙungiya da ake shirin zaɓe ce ta sa aka tuna da ni yanzu?

Ƙamus ɗina na Faransanci, Petit Robert, da ka ara tun bara yana wurinka. Buɗe harafin M ka karanta, in ka gama a aiko mini da abina.